Zaɓen Kwalejin 'Yammata: Halin Ɗaliba da Ra'ayinta

Gabatarwa

A kowace shekara, idan lokacin cike takardun neman makaranta ya zo, akwai tambayar da ke shiga gidaje da yawa a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, watau wace makaranta za a kai yarinya. Galibi amsar ba ta wuce ɗaya daga cikin uku: ko a kai ta inda yayarta ta yi, ko inda aka san wani malami, ko kuwa inda sunan makarantar ya fi amo a kunnen jama'a. Da wuya a ji an ce a dakata tukuna a dubi yarinyar kanta, a ga irin halinta da abin da ranta ke so, sa'an nan a nemi makarantar da ta dace da su. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa makarantun mata iri-iri ne, kowace da halinta da inda ta dosa, kuma rashin daidaita halin ɗaliba da na makaranta yana cikin abubuwan da ke yanke karatun 'ya'ya mata tun ba a je ko'ina ba.

Abin ya fi tsanani ga mace fiye da namiji. Yaro in ya kasa zama a wata makaranta akan sake masa wata, ko a sa shi sana'a ya dawo daga baya. Yarinya kuwa, musamman ta karkara, sau da yawa dama ɗaya tak take samu. In ta dawo gida da kuka a zangon farko ta ce ba za ta koma ba, ba a cika tunanin makarantar ce ba ta karɓe ta ba. Cewa ake yi boko ba rabonta ba ne, sai a shiga maganar aure. Ashe ke nan kuskuren zaɓe na rana ɗaya yana iya zama hukuncin rayuwa gaba ɗaya.

Kalmar kwaleji a nan ta ƙunshi makarantun sakandare na kwana da aka keɓe wa 'yammata, da kuma makarantun gaba da sakandare na mata zalla, domin a bakin jama'a duk sunansu ɗaya.

Mafarin makarantun mata a Arewa

Ilmin mata ya riga boko zuwa ƙasar Hausa da nisa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajis, watau dattawan mata da take ba malafa alamar shugabanci, su riƙa zuwa da ayarin tsofaffi da ƙananan 'yammata daga ƙauyuka su ɗauki karatu, su koma su sanar da matan aure a cikin gidajensu. Abin lura a nan shi ne yadda aka gina karatun bisa halin mai koyo. Wadda ba ta iya fita an kai mata har ɗaki, wadda ba ta jin Larabci an tsara mata da Hausa ko Fillanci.

Da Turawa suka zo, maza suka fara yi wa tanadi. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922, amma sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yammata na farko a Kano da Katsina, ita ta Katsina da goyon bayan Sarki Muhammadu Dikko. Cikin matan Ingila da suka kula da wannan aiki akwai Ethel Fegan, wadda kafin zuwanta ita ce mai kula da ɗakin karatu na Girton, kwalejin mata ta Jami'ar Kambirij. Abin da ake koyarwa a lokacin bai wuce karatu da rubutu da Hausa ba, da tsabta, da renon yara, da ɗinki. A 1939 aka buɗe makarantar horon mata a Sakkwato, a 1956 kuma aka buɗe makarantar Sarauniya Alsabatu a Ilori, wadda ita ce sakandaren 'yammata ta farko ta gwamnatin Jihar Arewa. A Lardin Katsina, makarantar 'yammata ta Kankiya da kwalejojin horon malamai mata na Katsina da Kabomo su ne suka yaye mafi yawan matan da suka fara riƙe alli da aikin ofis.

A wancan zamani maganar zaɓe ba ta taso ba. En'e ce ke ɗaukar yara, sau da yawa ma da tilas, kuma inda aka tura yarinya nan za ta. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da 'yammata, tsarin shekara shida, uku, uku, huɗu da aka fara aiki da shi a 1982 ya raba sakandare gida biyu, sa'an nan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ya kawo ƙarin makarantu. Yau akwai zaɓi, amma al'adar tura yarinya ba tare da an tambaye ta ba ta wanzu, sai dai ta tashi daga hannun En'e ta koma hannun iyaye.

Ire-iren makarantun da ke kusa

Yarinyar da ta tashi a Sabuwa, in ta biyo ta Ɗandume ta fito Funtuwa, ko wadda ta taso daga Faskari ko Ƙanƙara, tana da aƙalla iri biyar na makarantun mata a gabanta.

Na farko, Kwalejin 'Yammata ta Gwamnatin Tarayya da ke Bakori, ɗaya daga cikin makarantun haɗin kai da aka yawaita kafawa cikin shekarun 1970, bayan yaƙin basasa, don 'ya'yan ƙabilu daban-daban su tashi tare. Ana shiga ta hanyar jarrabawar ƙasa baki ɗaya a ƙarshen firamare. Turanci ne harshen aji da na ɗakin kwana, kuma ɗaliba za ta zauna da Bayarabiya da 'yar ƙabilar Ibo da 'yar Kudancin Kaduna, Musulma da Kirista.

Na biyu, makarantun kimiyya na 'yammata, irin na Malumfashi da Ajiwa da Sandamu, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar ilmin kimiyya da fasaha ta jiha. Ana tace ɗalibai da jarrabawa kafin a ɗauke su, kuma lissafi da fizis da kemistiri da ilmin halittu su ne abincin yau da kullum. Daga nan ake fitar da masu neman aikin likita da haɗa magunguna da injiniya.

Na uku, makarantun Larabci na 'yammata, irin na Dutsin-Ma da Fago. A nan ana haɗa darussan boko da Larabci da Alƙur'ani da fiƙihu, ana kuma iya ɗaukar jarrabawar hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci, wadda asalinta daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ne. Hanyar ta fi miƙewa zuwa ga karatun shari'a da Larabci da malanta.

Na huɗu, kwalejin fasaha da kasuwanci ta 'yammata da ke Caranci, inda aikin hannu da lissafin kuɗi da na'urar kwamfuta suka fi ƙarfi.

Na biyar, makarantun gaba da sakandare. Akwai makarantar ungozoma ta Malumfashi, akwai kuma Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau, wadda aka keɓe wa mata, kuma ga mutumin Faskari ba ta da nisa tunda ƙasarsu ta yi iyaka da Tsafe. Sauran manyan makarantun jihar, kamar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Al-Ƙalam, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, duk na maza da mata ne a haɗe.

Ban da waɗannan akwai makarantun jeka-ka-dawo da na kuɗi da ƙungiyoyi suka kafa. Duk sunansu makarantar mata, amma wanda ya kwana ɗaya a Bakori ya kwana ɗaya a Fago ya san ba rayuwa ɗaya ake yi a cikinsu ba.

Hali

Bahaushe ya ce hali zanen dutse. Ko da yake tarbiyya tana gyara ɗabi'a, akwai wani sashe na mutum da aka haife shi da shi, wanda bulala ba ta kankare shi. A wata lacca da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1973 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafta siffofi goma, cikinsu har da haƙuri da kunya da ladabi da hankali. Waɗannan kyawawan siffofi ne, amma biyu daga cikinsu, watau kunya da haƙuri, su ne ke ɓoye halin yarinya ga iyayenta. An horar da ita kada ta ɗaga ido gaban mahaifinta, balle in 'yar fari ce wadda ita ma uwar ke jin kunyarta. In aka ce mata an samo mata makaranta kaza, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, sai a ce ta yarda. Shirun kuwa yana iya zama yarda, yana iya zama tsoro.

Akwai fuskoki huɗu na hali da ya kamata a duba kafin a cike takarda.

Ta farko ita ce juriyar rabuwa da gida. Wata yarinya tun tana ƙarama take zuwa hutu wurin gwaggo ko inna ta yi wata guda ba ta nemi gida ba. Wata kuwa kwana biyu in ta yi a wani wuri sai ta daina cin abinci. Yarinya mai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu irin ta biyu, in aka kai ta makarantar kwana mai nisa, ba dakikanci ne zai kayar da ita ba, kewa ce. Irin wannan ya fi kyau ta yi ƙaramar sakandare a gida, a jinkirta makarantar kwana har ta shiga babban aji.

Ta biyu ita ce yadda take da jama'a. Mai baki, mai son shiga mutane, wadda ba ta jin nauyin yin kuskure da Turanci a yi mata dariya, za ta sake a wuri irin Bakori, ta fito da ƙawaye daga kowace kusurwa ta Nijeriya. Mai sanyin hali wadda ta fito daga firamaren ƙauye inda da Hausa aka koyar da ita kusan kome, tana iya shafe shekara guda ba ta buɗe baki a aji ba, ko da ta fi kowa basira. Ita wannan makarantar da akasarin ɗalibanta Hausawa ne, mai malamai masu jan yaro a jiki, ta fi yi mata amfani a farko, har ƙafarta ta yi ƙwari.

Ta uku ita ce yadda take ɗaukar gasa. Makarantun kimiyya sun tara waɗanda kowace ita ce ta ɗaya a inda ta fito. Wadda ta saba zuwa ta ɗaya a Daudawa ko Mairuwa za ta iya samun kanta ta talatin a zangon farko. Wata wannan zai zaburar da ita ta ƙara ƙwazo, wata kuwa zai karya mata zuciya ta ɗauka ba ta da ƙwaƙwalwa. Malamin ajinta na firamare ya fi kowa sanin wace iri ce, domin ya ga yadda take yi ranar da aka kayar da ita a gwaji.

Ta huɗu ita ce inda basirarta ta karkata. Akwai mai hardar da in ta ji abu sau biyu ya zauna, akwai mai son warware lissafi, akwai wadda hannunta ne ke da hikima, ta kwance keken ɗinki ta mayar. Akwai kuma wadda ba ta iya ganin jini, ko yankan kaza ake yi sai ta bar wurin. Tura irin wannan makarantar ungozoma don kawai ana samun aiki da wuri zalunci ne gare ta da kuma matan da za ta karɓi haihuwarsu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Game da fifikon makarantar mata zalla kan ta haɗaka, ya kamata a yi adalci. Gaskiya ne a makarantar mata duk wani muƙami mace ke riƙe da shi, daga shugabar ɗalibai har mai jagorancin muhawara, kuma yarinya ba ta jin nauyin ɗaga hannu don idon samari. Amma a 2014 wasu masana uku a Amurka sun tattara sakamakon bincike 184 daga ƙasashe 21, suka ga cewa in aka kwatanta ɗalibai masu asali da ƙoƙari iri ɗaya, bambancin sakamakon jarrabawa tsakanin makarantun jinsi ɗaya da na haɗaka kaɗan ne ƙwarai. Babban amfanin makarantar mata a ƙasar Hausa shi ne iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu ta wuce firamare ba sai a cikinta. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, sai dai bai isa ya sa a ɗauka kowace makarantar mata ta dace da kowace yarinya ba.

Ra'ayi

Hali da shi ake haihuwar mutum, ra'ayi kuwa a gida da unguwa da makarantar allo ake samunsa, kuma yarinya mai shekara goma sha biyar ta riga ta fara ƙulla nata, ko ba ta furta ba. Abubuwa uku ne ra'ayin ɗaliba da na makaranta suka fi yin karo a kansu.

Na ɗaya, addini. Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da kuma yunƙurin da 'yan ɗariƙu suka yi na buɗe nasu makarantun Islamiyya, makarantun kuɗi da yawa suna bin fahimtar waɗanda suka kafa su. Yarinyar da ta tashi tana ganin mahaifinta yana wazifa, in aka kai ta inda kullum ake sukar wazifa, an sa ta tsaka mai wuya: ko ta raina gidansu ko ta ƙi malamanta. Haka abin yake in aka juya shi. Har wa yau, a kudancin Katsina, musamman wajejen Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara, akwai Hausawa Kiristoci, kuma uban irin wannan yarinya yana da haƙƙin ya san ko makarantar tana da malamin addininta da wurin ibadarta ranar Lahadi. Ita ma Musulmar da za a kai makarantar da ke wata jiha mai nisa, a tambayi dokar suturarsu tun da wuri. Rigimar sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas sai da ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 2022 cewa ɗalibai Musulmi suna da 'yancin sawa.

Na biyu, aure. Ba laifi ba ne yarinya ta ce tana son ta yi aure da ta gama sakandare, kamar yadda ba laifi ba ne ta ce sai ta zama likita. Laifin shi ne a ƙi sa wannan cikin lissafi. Karatun likita shekara shida ne a jami'a, ban da shekarar koyon aiki da ta bautar ƙasa. Karatun takardar shaidar malanta ta ƙasa shekara uku ne, kuma mace tana iya yinsa da aure da goyo. Wadda ta san an riga an yi mata miji, ya kamata a bincika ko makarantar da take nema tana karɓar matan aure, kuma a yi magana da mijin tun kafin a ɗaura, a sa sharaɗin karatun a gaban shaidu.

Na uku, irin aikin da take hango wa kanta da inda take so ta zauna. Aikin ungozoma yana da kwanan asibiti da kiran tsakar dare. Ƙauyukan wannan yanki suna matuƙar bukatarsa, domin magidanta da yawa ba su yarda namiji ya duba matansu ba, abin da ya sa a 2012 aka fara wani shiri da taimakon gwamnatin Ingila a jihohi biyar na Arewa, har da Katsina, na ba 'yammatan karkara shekarar share fage don su cancanci shiga makarantun kiwon lafiya su koma su yi wa garuruwansu aiki. Mai son ta zauna kusa da iyayenta ta yi musu amfani, wannan hanya ko ta malanta ta dace da ita. Mai burin aikin tarayya a Abuja ko Legas kuwa, gara ta saba da zama da baƙi tun tana ƙarama.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Wannan matsala ba ta Katsina kaɗai ba ce. A Amurka a da akwai kwalejojin mata bakwai da ake yi wa laƙabi da 'yan'uwa mata bakwai, amma kowace da halinta. Mount Holyoke, wadda Mary Lyon ta kafa a 1837, tana cikin ƙaramin gari ne mai shiru. Barnard, ta 1889, tana tsakiyar birnin New York, jingine da Jami'ar Kolambiya. Bryn Mawr, ta 1885, mabiya wata ɗariƙar Kirista mai suna Kwaka ne suka kafa ta, ta kuma yi suna wajen zurfin bincike. Ban da su akwai Spelman ta birnin Atlanta, wadda aka kafa a 1881 domin baƙaƙen mata. A can al'ada ce ɗaliba ta ziyarci makaranta, ta shiga aji, ta yi hira da ɗalibai kafin ta yanke shawara. Kwalejojin mata a ƙasar sun haura 200 a shekarun 1960, yau ba su kai 40 ba, kuma waɗanda suka rage sun rayu ne don kowace ta bayyana irin ɗalibar da take nema.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Sudan. Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yammata a gidansa a garin Rufa'a a 1907, da 'ya'yansa da na maƙwabta, daga wannan tushe kuma ɗansa Yusuf Badri ya kafa kwalejin Ahfad ta mata a Omdurman a 1966. Ahfad ta shahara da tura ɗalibanta ƙauyuka su yi aiki da matan karkara kafin su gama. Wadda ta shiga ta san abin da ta shiga tun daga ƙofa.

Tsaro da nisa

Ba a yi wa mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa maganar makarantar kwana a tsallake tsaro. Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta maza da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai, aka sako 344 ranar 17 ga watan, gwamnatin jiha kuma ta rufe makarantun kwana na wani lokaci. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka ɗauke 'yammata 279 daga makarantar Jangebe ta Jihar Zamfara. A Satumba 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida, a watan Oktoba na shekarar kuma aka ɗauki ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma daga gidan haya a wajen makaranta. Uban da ya ji waɗannan labarai ya ce 'yarsa ba za ta kwana a makaranta ba, ba jahilci ne ya sa shi ba.

Abin da wannan ya jawo shi ne zaɓin ya ƙuntata, don haka kuskure a cikinsa ya ƙara tsada. Akwai tambayoyin da suka zama wajibi: makarantar tana cikin gari ne ko a bakin daji, tana da katanga da masu gadi, ɗakin kwanan na cikin makaranta ne ko haya za a kama a waje, kuma wace hanya motar za ta bi ranar hutu da ranar komawa. A nan ma hali yana da hannu. Yarinyar da aka taɓa kai wa ƙauyensu hari, ko aka ɗauki wani nata, tana iya firgita da ƙarar babur cikin dare. Irin wannan ba ta karatu a inda ba ta barci. Wataƙila zama gidan kawu ko baffa a Funtuwa ko Katsina tana zuwa makarantar jeka-ka-dawo ya fi mata alheri bisa ga makarantar kwana mai suna. Shirin tallafa wa karatun 'yammata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, na dala miliyan 500 ga jihohi bakwai har da Katsina, ya ba da ƙarfi ne wajen gina azuzuwan sakandare kusa da gida da tallafa wa iyaye marasa ƙarfi, wannan kuwa yana rage tilascin tafiya nesa.

Yadda za a gudanar da zaɓen

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shawarar makaranta ta kamata ta fara tun yarinya tana aji biyar na firamare, ko aji biyu na ƙaramar sakandare. Mataki na farko shi ne a ji ta bakinta, kuma tunda kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa uba ba, sai a bi hanyar da al'ada ta riga ta tanada: kaka, wadda wasa ke tsakaninsu, ko gwaggo, ko yaya, ko malamar Islamiyya. Waɗannan su ake gaya wa abin da ba a gaya wa iyaye.

Mataki na biyu shi ne a je a gani, domin gani ya kori ji. A je ranar da ake karatu, a duba rijiya ko famfo, da makewayi, da ɗakin girki, da ɗakin shan magani. In makarantar kimiyya ce a nemi ganin ɗakin gwaje-gwaje, a tambaya ko akwai malamin fizis da na lissafi, tunda ba a shiga jami'a sai da kiredit biyar har da Turanci da lissafi a mafi yawan fannoni. A nemi tsohuwar ɗalibar da ta gama kwanan nan a tambaye ta yadda manyan ɗalibai ke yi da ƙanana, da abin da ake yi wa wadda ta kwanta ciwo cikin dare. In da hali a tafi da yarinyar.

Mataki na uku shi ne lissafin kuɗi na gaskiya, na shekara uku ko shida, har da kuɗin mota da guzuri da na ranar ziyara. Yarinyar da ba a taɓa ziyarta ba alhali ana zuwa wa ƙawayenta, tana ɗauke da wani nauyi da ba ya fitowa a takardar sakamako.

Wannan duka ba ya nufin a sakar wa yarinya ragama. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma yarinya tana iya zaɓen makaranta don kawai ƙawarta na can. Hukunci na iyaye ne. Abin da ake nema shi ne su yanke shi bayan sun san wadda suke yanke wa.

Kammalawa

Akwai aikin da ya rataya a wuyan ma'aikatan ilmi na jiha da na ƙananan hukumomi. Tun a 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta yi tanadin malaman ba da shawara a makarantu, ya kamata a tabbatar kowace ƙaramar sakandare a wannan yanki tana da mace ɗaya da aka horar kan haka. Ya kamata a buga ɗan littafi da Hausa, da boko da ajami, mai bayanin kowace makarantar 'yammata ta jihar, da darussanta, da sharuɗɗan shigarta, da abin da ake kashewa, a raba wa shugabannin firamare da masu unguwanni, a kuma karanta shi a rediyo. Ya kamata makarantu su sa ranar da iyaye da 'ya'yansu za su zo su duba kafin a cike takardu. Daɗin daɗawa, a sauƙaƙa hanyar canjin makaranta a shekarar farko, yadda wadda wuri bai karɓe ta ba za a mayar da ita wani ba tare da ta rasa shekara ba.

Su kuma ɗaliban jami'a, musamman mata 'yan wannan yanki, su ne suka bi hanyar suka san ramukanta. Kowace tana da ƙanwa ko 'yar maƙwabta da za ta gama firamare bana. In ta je hutu ta zauna da ita ta tambaye ta abin da take so, sa'an nan ta isar wa iyayen cikin ladabi, ta yi irin aikin da jajis suka yi a zamanin Nana Asma'u.